Buhun Shinkafa Ba Ya Biyan Bashin Jini

Ƴan uwa maza da mata na Birnin Ƙonni da Madarumfa da Ɗan Isa da Magarya da Matamaye, da sauran garuruwanmu na bakin iyaka:

Ranar 27 ga Disamba 2020 za mu fita zaɓen shugaban ƙasa da na ƴan majalisa. Kafin ku jefa ƙuri'a, ku tuna da wasu mutane da ba a kiran su dandalin mitin, ba kuma a buga hotonsu a jikin riga. Su ne matan sojojinmu da suka rasu a fagen daga, da marayunsu, da tsofaffin iyayen da ɗa guda ke ciyar da su, da kuma matan da su kansu suka sa kaki suka yi wa ƙasa aiki.

Kun san lissafin, amma bari a maimaita shi. Ranar 10 ga Disamba 2019 an kashe sojoji 71 a Inates, cikin jihar Tilaberi. Ba a cika wata guda da kwana ɗaya ba, ranar 9 ga Janairu 2020, aka kashe 89 a Cinagodar. Sojoji 160 ke nan. Kafin su akwai na tsibirin Karamga a 2015 da na Boso a 2016, can jihar Difa. An yi zaman makoki na kwana uku, an sauko da tuta, shugabannin ƙasashen Sahel sun zo Yamai sun tsaya gaban kaburbura sun yi addu'a. Bayan an shafa fatiha kowa ya hau jirginsa. Ita kuwa matar mamacin ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, kuma ranar da ta fita babu tuta, babu mai ɗaukar hoto. Sai kuɗin haya da kuɗin likita da yara masu tambayar ina baba.

Waɗannan mamatan ba baƙi ba ne. Ƴaƴanmu ne, da yawansu daga ƙauyukanmu suka tafi. Kuma ƴan uwansu ne yau ke kwana a daji wajen Gabi da Gidan Rumji don ɓarayin shanu da masu satar mutane kada su tsallako mana.

Me ake yi wa iyalansu? Abin da ido ke gani shi ne rabon kyauta. Azumi ya zo ko babbar salla ta ƙarato, sai a jera mata a rana, a jibge buhunan shinkafa da jarkokin mai da turamen zane, a kira telebijin. Wani babba ya miƙa buhu, ta durƙusa ta karɓa, a ce ta yi godiya a makirfo. Ba mu raina alherin kowa ba. Attajirin da ya ba da don Allah, da ƙungiyar mata da ta haɗa kuɗi, da maƙwabciyar da ke aika tuwon dare ba tare da kowa ya sani ba, Allah ya saka musu. Galibi ma su ne suka riƙe gidajen nan. Amma ku tambayi duk macen da ke riƙe da tukunya: gida mai baki takwas, kwana nawa buhu guda zai yi? Kuma kyauta ba ta da ranar zuwa. Bana ta zo, baɗi mai ita ya manta, kuma babu kotun da za ki kai shi ƙara don bai ba ki sadaka ba.

Sojan da ya mutu bai tafi Inates don raɗin kansa ba. Ƙasa ce ta ba shi bindiga ta ce ya je. Abin da ke tsakanin ƙasa da iyalinsa bashi ne, shi kuwa bashi da takarda ake biyan sa, da rana sananniya, ba sai mai bi ya durƙusa ba.

Za a ce ai doka ta tanadi fansho ga magadan soja, kuma akwai asusun CARENI mai kula da wannan. Gaskiya ne. Sai dai tsakanin abin da ke rubuce da hannun bazawara akwai doguwar tafiya. Ana neman takardar mutuwa, takardar aure, takardar haihuwar kowane yaro, da takardar kotu mai nuna su wane ne magada. To a ƙauyukanmu aure nawa aka rubuta a ma'aikatar magajin gari? Liman ya ɗaura, an raba goro, shi ke nan. Yara nawa aka haifa a ɗaki ba a yi musu takarda ba? Sai ta nemo shaidu ta je gaban alƙali, kowace takarda da kuɗin tambarinta da kuɗin mota. In mamacin mata biyu ya bari, abin da bai ishi ɗaya ba shi za a raba. In kuma an yi rashin sa'a da dangin miji, wani ƙane ko kawu ya karɓi takardun da sunan shi ne wakilin gida, daga nan ba ta ƙara jin labari ba. Sannan takardun sai sun bi hanyar Yamai. Daga Maraɗi ya haura kilomita 600, daga Damagaram kusan 900, daga Difa fiye da 1,300. Macen da ba ta yi lakkol ba, mai goyo a baya, ita za ta bi ofis-ofis ana yi mata Faransanci?

Wani zai ce ta yi sana'a mana. Tana yi. Matan ƙasar nan ba su jira kowa ba. A jihar Maraɗi aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara tun 1991, kuma har wasu ƙasashe sun kwaikwaya. Amma asusu sai da abin zubi. Ku da ke bakin iyaka kun fi kowa sanin abin da rufe bodar Najeriya a watan Agusta 2019 ya yi wa mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da tabarma.

Yanzu ga maganar da masu mulki ba sa son a yi. Kullum amsarsu ita ce ƙasa matalauciya ce, babu kuɗi. A farkon 2020 binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro ya nuna an yi asarar kimanin miliyar 76 na sefa tsakanin 2014 da 2019, ta hanyar aringizon farashi da kayan yaƙin da aka biya kuɗinsu ba a kawo ba, har da cinikin jirage masu saukar ungulu. Da jama'a suka fito Yamai ranar 15 ga Maris suna neman a hukunta masu hannu, da barkonon tsohuwa aka tarbe su, mutum uku suka mutu a gobarar kasuwar Tagabati, kuma shugabannin ƙungiyoyin farar hula ne suka kwana gidan kaso.

Ku ɗauki alƙalami mu yi lissafi tare. A ce kowane gida cikin gidaje 160 na Inates da Cinagodar ana ba shi jika ɗari kowane wata. A shekara miliyan 192 ke nan. A shekara ashirin, wato har jaririn da aka bari a ciki ya zama saurayi, bai cika miliyar 4 ba. Kusan kashi ɗaya cikin ashirin na abin da binciken ya ce ya salwanta. Kuɗin da aka ce na makamin mijinta ne, shi aka ci. Sannan a miƙo mata buhu a ce ta tafa.

Akwai kuma waɗanda ko a layin buhun ba a tuna da su: mata masu kaki. Muna da su a soja da jandarma da gardi da ƴan sanda. A 2015 Ouma Laouali ta zama mace ta farko mai tuƙa jirgin sojan ƙasar nan, kowa ya yi alfahari. Amma in aka ce ƴan mazan jiya, tsoho mai lambobin yabo a ƙirji ake hangowa. Macen da ta bar aiki da rauni a jiki, ko ta rasu ta bar yara hannun kakarsu, haƙƙinta daidai yake da na namiji, kuma dole doka ta faɗe shi ƙarara. Mu mun san ɗacin a rage wa soja haƙƙinsa. Kakanninmu da suka yi wa Faransa yaƙi, tun 1959 aka daskarar da fanshonsu, sai bayan kusan shekara hamsin aka fara daidaita shi da na Turawa, lokacin da yawancinsu suna ƙarƙashin ƙasa.

Abin da muke nema a rubuta cikin doka da kasafin kuɗi ba shi da wuyar fahimta. Albashin mamaci ya ci gaba da shiga hannun iyalinsa har ranar da fansho ya fara, kada a samu wata ko ɗaya na yunwa a tsakani. Rundunar da ta ɗauki mutum aiki ita za ta yi wa matansa da ƴaƴansa takardu tun yana raye, kyauta, kuma a buɗe wuri guda a kowane babban birnin jiha inda za a gama komai cikin harshen da mace ke ji. Kuɗin ya shiga da sunanta, ba da sunan wakili ba. Marayu su yi karatu da magani a kan gwamnati. Kowace shekara ministan tsaro ya zo majalisa ya faɗi gida nawa aka biya, nawa ke jira. Mai son ƙara sadaka a kan wannan, bismilla, ƙofa a buɗe take.

Cikin kwanakin nan ƴan takara za su shigo garinku da ganga da gishiri da sabulu, har da namu. Ku tsayar da kowannensu ku tambaye shi: in ka shiga majalisa, za ka jefa ƙuri'a ga wannan doka? Kuma me za ka yi a kan miliyar 76? In akwai matar soja a unguwarku, ku je ku tambaye ta ko tana da katinta na zaɓe, ranar 27 ga wata ku raka ta rumfa.