Safa Kyauta a Garin Chapel Hill: Wa Ke Biyan Kuɗin Mai?

A garin Chapel Hill, cikin Jihar Carolina ta Arewa a ƙasar Amurka, mutum yakan tsaya a bakin titi, motar safa ta zo ta buɗe ƙofa, ya shiga ya zauna, ta kai shi unguwarsu ya sauka, bai sa hannu cikin aljihu ba. Babu kwandasta, babu tikiti, ba kuwa wanda zai tambaye shi ko shi ɗan gari ne ko baƙo. Haka abin yake tun watan Janairu na 2002, watau yau fiye da shekara 20 ke nan. Ga wanda ya ga zamanin rataya a ƙofar molue, ko wanda kullum sai sun yi cacar baki da yaron danfo a kan canji a Oshodi, wannan labari kamar tatsuniya ne. Amma gaskiya ne. Tun da kuwa kuɗin mota ya zama abin da ake kwana da shi ake tashi da shi a ƙasar nan, daga lokacin da aka janye tallafin mai cikin watan Mayu na 2023, ya dace a duba yadda mutanen wannan gari suka yi, da kuma inda dabararsu ta tsaya.

Chapel Hill ba babban birni ba ne. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanensa kimanin 62,000 ne, sa'an nan ga wani ɗan gari mai suna Carrboro manne da shi, mai mutum kimanin 21,000, har baƙo ba zai gane inda wannan ya ƙare wancan ya soma ba. Abin da ya kafa garin, yake kuma riƙe da shi, shi ne Jami'ar Carolina ta Arewa, wadda ta soma karɓar ɗalibai tun 1795. Yanzu ɗalibanta sun haura 30,000, ban da malamai da ma'aikata, ban da babban asibitin koyarwa da ke cikin harabarta. To, a Amurka galibin magidanta kowa da motarsa yake zuwa aiki. In aka ce duk wannan jama'a kowa ya zo da tasa kowace safiya, filin jami'ar duka ba zai ishe su ajiya ba. Daga wannan ƙuncin wuri maganar safa kyauta ta samo asali.

An kafa hukumar safa ta garin cikin 1974, zamanin Howard Lee yana magajin gari. Shi wannan mutum baƙar fata ne, an zaɓe shi a 1969, lokacin da ba a saba ganin baƙi suna shugabancin garuruwan Kudancin Amurka masu rinjayen Turawa ba, kuma samar da motocin haya ga marasa mota yana cikin abubuwan da ya dage a kai. Shekara 27 ana karɓar kuɗin mota kamar ko'ina. Da aka zauna aka yi lissafi, sai aka tarar yawancin abin da ake kira kuɗin mota daga wajen jami'a da mutanenta yake fitowa, ta hanyar katin shiga mota na ɗalibai da ma'aikata. Ɗan abin da sauran fasinja ke jefawa cikin akwati bai taka kara ya karya ba, ga shi kuma sai an biya masu ƙirga shi da masu tsaronsa. A ɗaya gefen, in jami'a ta ce za ta gina benen ajiye motoci, gurbin mota ɗaya tak zai ci mata dubban daloli. Sabo da haka cikin 2001 ɗalibai suka jefa ƙuri'a suka yarda a ƙara musu wani abu a kan kuɗin makaranta, jami'a da majalisun garuruwan biyu suka haɗa hannu, aka daina karɓar ko sisi a bakin ƙofar mota.

Yadda ake zagaya garin ba wuya. Kowace hanya da harafinta, an rubuta shi a goshin mota. Mai harafin U tana kewaya harabar jami'a da bakin babban titin kasuwa da ake kira Franklin, RU kuma tana bin kusan hanyar nan a juye, domin kada wanda zai je kusa ya zagaya duniya. NS ita ce ke ratsa garin daga arewa zuwa kudu, daga titin Eubanks har unguwar Southern Village, tana bi ta gaban asibiti. J tana shiga Carrboro inda gidajen haya suka yi yawa. A bakin gari an keɓe filaye inda mai zuwa daga nesa zai ajiye motarsa ya ƙarasa ciki da safa. Naƙasasshen da ba zai iya fitowa bakin titi ba, akwai ƙananan motoci da ake kira EZ Rider, yakan yi waya tun da wuri a zo har ƙofar gida a ɗauke shi, shi ma kyauta. A ƙarshen mako, in makaranta tana buɗe, akan fito da wasu motoci cikin dare domin mai da ɗalibai gida. Da wayar hannu mutum zai ga inda motarsa take da mintin da ya rage ta iso.

Wani amfani da ba a cika ambata ba shi ne saurin lodi. Tun da ba a tsayawa neman canji ko duba kati, fasinja sukan shige da sauri fiye da yadda ake yi a da. Wanda ya taɓa zama cikin mota rabin sa'a ana jayayya a kan naira hamsin ya san darajar wannan.

Jama'a kuwa sun karɓi abin hannu bibbiyu. Kafin 2002 motocin sukan ɗauki fasinja kimanin miliyan 3 a shekara, cikin shekaru kaɗan adadin ya kai kusan miliyan 7. Sai dai masu yabon shirin sukan manta su faɗi cewa a lokacin da aka soke kuɗin, an kuma ƙara yawan zirga-zirgar motocin. Ba kyautar kaɗai ta jawo mutane ba, har da samun mota a kan kari.

To, wa ke biya? Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Direba yana da albashi, mota tana shan mai, taya tana cinyewa. Cikin abokan tarayyar nan uku, jami'a ce ke ɗauke da kaso mafi tsoka, tana kuwa tara shi daga kuɗin da ta ɗora wa ɗalibai da abin da take samu wajen masu sayen izinin ajiye mota a harabarta. Watau mai tuƙo motarsa yana taya biyan kuɗin mai hawa safa. Majalisun garuruwan biyu suna ba da nasu daga harajin gidaje da filaye, wanda ke komawa kan ɗan haya ta hanyar kuɗin ɗaki ko bai sani ba. Gwamnatin tarayya da ta jiha suna taimakawa, musamman wajen sayen sababbin motoci. Bugu da ƙari, cikin watan Nuwamba na 2012 mutanen gundumar Orange, inda garin yake, suka jefa ƙuri'ar amincewa da ƙarin rabin kwabo a kan kowace dala ta cinikin kaya, domin harkar sufuri. Ko a cikin garin ma ba kome ne kyauta ba: tun 2013 ana biyan kuɗin ajiye mota a filayen nan na bakin gari, motocin da ke kai 'yan kallo filin wasan ƙwallo kuma da kuɗi ake shigarsu.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan hanyoyin kuɗi tsayayyu ne, suna shigowa kowace shekara ko wane ne ke kan mulki. Inda aka rasa irinsu, ko aka rasa shiri, kyautar ba ta daɗewa. Birnin Austin na Jihar Texas ya gwada daga ƙarshen 1989, bai wuce ƙarshen 1990 ba aka koma karɓar kuɗi, bayan direbobi sun yi ta kukan fitinar wasu fasinja. Garin Hasselt na ƙasar Beljiyam ya yi suna a duniya da safa kyauta tun 1997, amma da ɗawainiyar ta yi wa baitulmalin garin nauyi, a 2013 aka yanke shawarar manya su koma biya. Garin Corvallis na Jihar Oregon, wanda shi ma garin jami'a ne, ya soke kuɗin mota a watan Fabrairu na 2011, ya ɗora wani ɗan kuɗi a kan takardar biyan ruwa ta kowane gida da kanti, nasa shirin kuwa ya zauna da gindinsa.

Sai dai mai ba da kuɗi shi ke zana taswira. Duk wanda ya shimfiɗa taswirar motocin Chapel Hill zai ga kusan kowace hanya ta fuskanci jami'a da asibitinta, kamar yadda hanyoyin ƙauyuka ke fuskantar kasuwa. In ɗalibai sun tafi hutu akan rage zirga-zirga, ranakun Asabar da Lahadi ma haka. Ɗalibin da darasinsa ke somawa ƙarfe tara na safe ya huta. Amma mai sharar ɗakunan kwanan ɗalibai da kukun da ke ɗora tukunya tun kafin asuba, da ma'aikaciyar jiyya mai tashi aiki tsakar dare, ba kullum ne lokacin motar ke dacewa da nasu ba.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. Kuɗin haya a garin ya yi tsada har da yawa daga cikin ƙananan ma'aikatan jami'a da asibiti ba sa iya zama cikinsa. Unguwar Northside, wadda tun kaka da kakanni mazaunin baƙaƙen fata ce masu yi wa jami'ar aikin ƙarfi, 'yan kasuwa sun yi ta sayen gidajenta suna zuba ɗalibai 'yan haya. Abin ya kai a 2015 jami'ar ta ba da rancen dala miliyan 3 ba ruwa, domin a riƙa saye gidajen a ajiye wa iyalai mazauna. Wanda tsada ta kora zuwa Durham, mai nisan kimanin mil 12, ko wani gari na kewaye, ya fita daga inuwar kyautar ke nan. Motocin GoTriangle da ke haɗa garuruwan yankin sun daina karɓar kuɗi a 2020 sabo da annobar korona, amma sun koma karɓa daga watan Yuli na 2024. An kuma yi shekaru ana shirin jirgin ƙasa na cikin gari mai tsawon kusan mil 18 tsakanin Chapel Hill da Durham, har an kashe fiye da dala miliyan 100 wajen tsare-tsare, sai a 2019 Jami'ar Duke da ke Durham ta ƙi sa hannu, tana cewa layin zai iya dagula na'urorin asibitinta. Nan shirin ya mutu. Jami'a ce ta raya safa kyauta a wannan gari, jami'a ce kuma ta tare hanyar jirgi a wancan.

Cikin 2021 da 2022 wata matsala ta ɓullo wadda soke kuɗin mota ba ya maganinta, watau ƙarancin direbobi. Motoci suna nan a ajiye, ba masu tuƙawa, har hukumar ta rage tafiye-tafiye a hanyoyi da dama. Fasinjan da ya tsaya cikin sanyi mota ba ta zo ba, ya makara aiki, ba zai ji daɗi don an ce da ta zo da kyauta zai shiga ba. Sai da aka ƙara albashi aka yi ta neman sababbin direbobi kafin al'amura su soma komawa daidai.

In aka juyo gida, Gwamnatin Jihar Ikko ta rage rabin kuɗin manyan motocinta na BRT a farkon watan Agusta na 2023 domin sassauta wa jama'a, amma zuwa Nuwamba an janye rangwamen rabin. Ba abin mamaki ba ne, domin ba a keɓe masa wata tsayayyiyar hanyar kuɗi ba. Garuruwa irin su Ile-Ife da Nsukka, inda jami'a ce uwar gari, su suka fi kama da Chapel Hill, sai dai jami'o'in ƙasar nan ba su da damuwar wurin ajiye mota irin wadda za ta sa su ga riba cikin biya wa mutanen gari kuɗin safa, ballantana ma kansu suke nema.

Ga mutanen Arewa mazauna Kudu, maganar tana da wata fuska ta biyu. Aikin da ƙananan motocin unguwa ke yi a can, watau ɗauko mutum daga lungu a kai shi babban titi ko ƙofar makaranta, a nan okada da keke ke yinsa, kuma dubban masu wannan sana'a 'yan Arewa ne. Gwamnatin Ikko ta ƙaddamar da ƙananan motocin shiga unguwanni cikin watan Mayu na 2021, na kuɗi ba na kyauta ba, sa'an nan ran 1 ga watan Yuni na 2022 ta hana okada a ƙananan hukumomi shida, da suka haɗa da Ikeja da Surulere da Apapa, ta ƙara huɗu a watan Satumba. Duk ranar da wata jiha ko jami'a ta zuba motocin unguwa masu araha ko na kyauta, magidancin da ke Agege ko Sabon Badun zai sami sauƙin kai 'ya'yansa makaranta, ƙanensa mai babur kuwa zai rasa fasinja a rana guda.

A Chapel Hill direbobin safa ma'aikatan hukumar gari ne masu albashi, kuma lokacin da aka rasa su har da biyan sabon shiga albashi yana koyon tuƙin babbar mota. Ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin masu babur da keke na garuruwan Kudu su nemi zama da hukuma tun shiri yana kan takarda, su tambayi daga ina kuɗin zai riƙa fitowa bayan shekarar farko, ko motocin za su shiga unguwannin da leburori da masu gadi ke kwana, da kuma gurbi nawa na direba da bakanike za a ware wa waɗanda za a raba da baburansu.