Zomo Ba Ya Kamuwa Daga Zaune, To Dila Fa?

Hausawa na cewa zomo ba ya kamuwa daga zaune. Karin maganar gaskiya ce idan ana son a zaburar da malalaci, amma a fagen ilimin halittu tana da iyakarta. Akwai namun dajin da gudu da ihu da karnuka ba sa kama su, sai dai ma su ƙara musu wayo. Dila na cikinsu, haka nan tunku da kyanwar daji. Wannan ne ya sa nake son mu tattauna a kan wani kayan aiki da ba a cika lissafa shi cikin kayan maharbi ba, wato 'yar kujerar da yake ratayawa a kafaɗa ya tafi da ita wurin dako. Ra'ayina shi ne, idan har ya zama tilas a kashe dabbar da ta addabi kaji ko awaki, to zama a yi dako shi ne kaɗai hanyar da kimiyya za ta iya tsaya wa, kuma kujerar nan ita ce ginshiƙin wannan hanya.

Halin da ake ciki a ƙasar Makarfi

Mu ɗauki Dandamisa da ƙauyukan da ke kewaye da ita a Ƙaramar Hukumar Makarfi, har zuwa ƙasashen Ikara da Kudan. Yanki ne na noma: rake a fadamu, masara da dawa a tudu, ga tumatir da barkono. Dajin da kakanninmu suka sani ya koma gonaki. Ko da yake sunan garin kan sa mutum ya tuna da damisa, manyan maciya nama irin su zaki da damisa sun daɗe da ƙaurace wa wannan yanki, kura ma ganin ta ya yi wuya sai a hannun gardi ranar kasuwa. Abin da ya rage shi ne ƙananan maciya nama, su dila da tunku da kyanwar daji, sai shaho da shirwa da mujiya a sama.

Idan aka wayi gari an ga gashin kaza a bayan danga, ko ɗan akuya ya ɓace, hanyoyi uku mutane kan bi. Ta farko ita ce farautar gayya, inda samari ke fita da karnuka da gora da barandami, sau da yawa kuma a cinna wa daji wuta. Ta biyu ita ce a barbaɗa maganin ƙwari ko na ɓera a kan mushe a yar a bayan gari. Ta uku kuwa ita ce maharbi ɗaya ya bi sawu, ya gane hanyar da ɓarawon ke bi, ya sami wuri ya zauna ya jira shi.

Me ya sa zama ke aiki?

Amsar tana cikin yadda Allah ya gina gaɓoɓin dabbar. A tantanin bayan ido akwai ƙwayoyi iri biyu masu karɓar haske. Masu siffar sanda suna aiki a duhu-duhu, kuma su ne gwanayen gane motsi. Masu siffar tsini su ne ke rarrabe launi da fayyace siffar abu. Idon dila da na dangin kyanwa ya fi na mutum wadatar masu siffar sanda, bugu da ƙari yana da wani tantani mai kama da madubi da ke mayar da haske baya, wanda shi ne ke sa idonsu ƙyalli idan aka haska su da tocila. Ma'anar wannan ita ce, dila na iya wucewa kusa da mutumin da ya zauna cik a gindin itace bai gane shi ba, amma da zarar mutumin ya ɗaga hannu zai kori sauro, magana ta ƙare.

Kunne da hanci kuwa sun fi ido ma. Mutum ba ya jin sautin da kaɗawarsa ta wuce 20,000 a daƙiƙa ɗaya, alhali kare yana ji har wajen 45,000, kyanwa kuwa ta haura 60,000. Kazalika hancin kare na da ƙwayoyin shaƙar wari fiye da miliyan 200, namu kuwa ba su wuce miliyan 6 ba. Dila ɗan dangin kare ne. Ba banza ba tatsuniyoyinmu suka yi masa laƙabi da malamin daji.

To, a nan ne kujera ke shigowa. Jikin ɗan Adam ba ya jure tsuguno mai tsawo. Idan aka lanƙwashe gwiwa sosai, jijiyoyin jini da na saƙon ji da ke bi ta bayan gwiwa da gefenta sukan matsu, nan da nan ƙafa ta mutu, minjirya ta kama ta, mutum ya fara sauya zama ko yana so ko ba ya so. Idan kuwa ya zauna dirshan a ƙasa, ƙasar za ta riƙa zuƙe zafin jikinsa. A watannin Disamba da Janairu, sanyin asuba a ƙasar Zazzau kan sauka ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Salshiyos, a fadama kuma ga danshi. Jikin da ya yi sanyi yakan kama rawar ɗari domin ya samar wa kansa zafi, mai rawar ɗari kuwa ba ya ɓuya, ba ya kuma saita bindiga. Kujerar da tsayinta bai wuce taƙi ɗaya ba, wato kimanin santimita 20, ta isa ta raba mutum da ƙasa, ta saki gwiwarsa, ta kuma ba shi wurin ɗora gwiwar hannu.

Ba sai an nemo ta daga waje ba. 'Yar tsugunno ta masassaƙanmu ta wadatar, ko ta naɗewa wadda mai walda zai haɗa da rodi da tamfol, a shimfiɗa buzu a kai. Sharuɗanta dai su ne kada ta yi ƙara, kada ta yi ƙyalli, ƙafafunta kuma su yi faɗin da ba za su nutse a taɓo ba. A girke ta a jikin itace ko suri domin siffar mutum ta saje da abin da ke bayansa, iska kuma ta riƙa bugun fuska. Da hunturu iska na tasowa daga arewa maso gabas, saboda haka sai a zauna ta kudu maso yammacin hanyar dabbar. Da damina sai a juya lissafin.

Akwai kuma batun lafiya. Kububuwa ta fi yawo daga magariba zuwa dare, daidai lokacin da maciya nama ke fitowa. Binciken da Likita David Warrell da abokan aikinsa suka yi a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970 ya nuna yadda dafin wannan macijiya ke hana jini daskarewa, har mutum ya yi ta zubar da jini. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Kujera ba ta maye gurbin takalmi mai rufi, amma tana ɗauke hannuwa da mazaunai daga inda kububuwa da kunama da kaska suke.

Mai zama yana zaɓe, wuta da guba ba sa zaɓe

Wannan ita ce hujjata mafi ƙarfi. Wanda ya zauna cikin natsuwa yana da lokacin da zai ga abin da ya fito kafin ya ɗauki mataki. Sau da yawa abin da zai gani ba dila ba ne, karen maƙwabci ne da aka bari yana gararamba, ko muzurun gida. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Zai kuma iya gane mace mai shayarwa ya ƙyale ta, ya kuma tabbatar cewa inuwar da ke tahowa ba yaro ba ne mai neman ɓatacciyar tunkiya. Wanda ƙafarsa ta mutu, sanyi ya ishe shi, shi ne ke harbin duk abin da ya motsa domin ya samu ya koma gida.

Wuta ba ta da wannan hankali. Tana cinye ciyawar da shanu za su ci da rani, da tsiron itatuwa, da ƙwan zabin daji da fakara, ta bar ƙasa tsirara ga iska da ruwan farko. Guba kuwa ta fi muni, domin ba ta tsayawa a kan wanda aka nufa. A watan Yuni na 2019 an tsinci gawar ungulaye 537 a arewacin Botswana bayan sun ci mushen giwaye uku da aka sa wa guba. Ita kuwa ungulun nan tamu ta mahauta, tun 2015 aka sanya ta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Dokar soja mai lamba 11 ta 1985, wadda aka yi domin kare namun dajin da ke fuskantar ƙarewa, ta haramta amfani da guba da wuta da farautar dare wajen kama dabbobin da ta lissafa. Wannan ma dalili ne da zai sa mai dako ya tsaya ga sassafe da la'asar sakaliya, lokacin da ido ke iya tantance abin da ke gabansa.

Mai karatu na iya tambaya, mene ne ruwanmu da tsirar dila? Ruwanmu shi ne rumbu. Yawancin abincin dila da kyanwar daji da mujiya ɓeraye ne da makamantansu, har da 'ya'yan gafiya da na gyazbi, wanda duk manomin rake a Makarfi ya san ɓarnarsa. Akwai wani ɓera mai yawan nonuwa da masana ke kira Mastomys, wanda macensa ke ɗaukar ciki na kwana 23 kacal ta haifi 'ya'ya goma ko fiye. Shi ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu. Duk ƙauyen da ya share maciya namansa baki ɗaya, ya sallami masu gadin da ba ya biya ko kwabo.

Kisan kan mai uwa da wabi ma ba ya biyan bukatar da aka yi shi dominta. A Amurka akwai wani ɗan'uwan dila da ake kira koyoti. An shafe fiye da shekara 100 ana bin sa da tarko da guba da bindiga, har a 1972 Shugaba Nixon ya hana amfani da guba a filayen gwamnatin tarayya saboda illarta ga sauran halittu. Duk da wannan yaƙi, koyoti ya bazu zuwa yankunan da a da ba a san shi ba. Masana sun lura cewa idan aka rage yawansu, waɗanda suka saura sukan sami wadatar abinci su haifi 'ya'ya da yawa. Maharban can da ke bin sa ɗai-ɗai sukan tafi da kujera marar tsayi, su jingina da wani abu, su busa abin da ke kwaikwayon kukan zomo mai rauni, su jira. Dabara ce da tsofaffin maharbanmu ba za su ga baƙuntarta ba.

Abin da masu suka za su ce

Wasu za su ce, yaya malamin ilimin halittu zai koya wa mutane yadda za su ƙware wajen kisa? Amsata ita ce, matar da tunku ya ƙarar mata da kajin da take sayarwa ta yi wa 'yarta kayan ɗaki ba za ta saurari wa'azin kare muhalli ba. Idan ba mu nuna hanya mai ƙarancin ɓarna ba, za a bi mai yawan ɓarna. Kashe dabba ɗaya da aka tabbatar da laifinta ya fi ƙone fadama guda.

Wasu kuma, musamman samari 'yan farauta, za su ce zama ragwanci ne, 'yar tsugunno kuwa ta mata ce a madafa. Su tambayi kowane Sarkin Baka, wa ya fi sanin daji tsakanin mai bin ayari da kiɗa da kirari, da wanda ya iya zama sa'a biyu bai yi tari ba?

Sai dai ina jaddada cewa dako shi ne matakin ƙarshe. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Akurki mai ƙofa da ake rufewa da magariba, da garken da aka kewaye da ƙaya ko waya, sun fi kowace bindiga tsare dukiya. Wanda kuma zai fita dako, ya sanar da mai unguwa, musamman a wannan zamani da ganin mutum da bindiga a bayan gari ke tayar da hankali. Kada kuma ya taɓa gawar dila da hannu tsirara, domin dila na iya ɗaukar ciwon haukan kare.

Kira ga malamai da ɗalibai

Kujerar nan ba ta maharbi kaɗai ba ce. A 1960 wata budurwa 'yar Ingila mai suna Jane Goodall ta je dajin Gombe, na ƙasar Tanzaniya ba Gomben da muka sani ba, ta yi watanni tana zama tana kallon manyan birai daga nesa har suka saba da ita. Da wannan zaman ta ga biri na zura tsinke a cikin suri yana ciro gara yana ci, abin da ya rushe tunanin cewa mutum kaɗai ke sarrafa kayan aiki. Kayan bincikenta ba su wuce madubin hangen nesa da littafi da haƙuri ba.

Makarantun sakandarenmu da yawa ba su da wadatar kayan ɗakin gwaji, amma babu wadda ta rasa bakin gona. Ina ba malaman ilimin halittu shawarar su riƙa fita da ɗalibai bibbiyu bayan la'asar, kowa da kujerarsa da takalmi mai rufi da littafi, a zauna minti 30 ba magana ba motsi, a wurin da malami ke hangen kowa. A rubuta abin da aka gani, da lokacin, da inda iska ta fuskanta. A share wani ɗan fili a baza rairayi da yamma, a dawo da safe a zana sawun da aka tarar. Idan makarantu a Dandamisa da Hunkuyi da Ikara suka yi haka zango uku a jere, za su tara bayanin da zai nuna wa iyayensu su wane ne ke yawo a bayan garinsu da dare, kuma wane ne ainihin ɓarawon kaji.

Saboda haka, idan aka sake ce muku zomo ba ya kamuwa daga zaune, ku amsa da ladabi cewa haka ne, amma dila yana kamuwa, sanin halin dila ma sai an zauna ake samun sa.