Kabejin Turai Ko Na Bayan Gida?

'Yan'uwa, akwai wani ganye da matasanmu suke nuna mana hotonsa a waya, suna cewa da shi za a yi arziki. Kabeji ne ƙanana, kowanne bai kai girman ƙwan zabo ba, suna fitowa a jere jikin kara ɗaya. Ya samu sunansa daga Burasel, babban birnin ƙasar Beljiyam, inda aka daɗe ana nomansa. Danginsa ɗaya da kabejin da muka sani. Ba mu ƙi sabon abu ba, amma kafin manomin Kanya ya zuba kuɗinsa a kan wannan iri, bari mu faɗa wa juna gaskiya.

Wannan shuka ta ƙasar sanyi ce. Ta fi yin kyau idan ma'aunin zafi yana tsakanin 15 zuwa 18, tana kuma cin wata 3 zuwa 6 kafin a girbe ta. A ƙasar Zuru kuwa, sanyinmu na Disamba da Janairu ne kawai. Da Maris ya shigo zafi yakan doshi 40, sai ƙullin ya ƙi ɗaurewa, ganyen ya yi ɗaci. Irin waɗannan ganyaye sun fi dacewa da Jos, wadda take bisa tudu mai tsayin wajen mita 1,200. Ko da ma an dace ta yi, wa zai saya a kasuwar Kanya ko ta Ribah?

Ba mu da kuɗin wasa. Dukanmu muna tune da harin da 'yan bindiga suka kawo Kanya a watan Maris 2022, mun kuma san gidajen da tsoro ya raba da gonakinsu na nesa. Saboda haka ɗan filin bayan gida da na bakin fadama sun zama rumbun iyali. Wanda ya yi asarar rani guda a kan irin da bai karɓi ƙasarmu ba, 'ya'yansa ne za su ji a jikinsu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Shawararmu ita ce mu riƙe kabejin da yake jure wa ƙasarmu. A yafa irin a watan Oktoba, bayan mako 4 ko 5 a dasa, a bar tazarar kamu ɗaya tsakani. A sa ruɓaɓɓen takin gida, a ba shi ruwa a kai a kai, gama idan ya sha ƙishi sa'an nan aka cika masa ruwa, kansa yakan tsage. Cikin wata 3 an yanka, tun zafi bai tsananta ba. A gefe kuma kada a manta da zogale, da rama, da alayyahu.

Akwai wani abin da ya kamata mu ji kunyarsa. Tsutsa tana son kabeji ƙwarai, don haka waɗansu sukan yi feshi yau, gobe su kai kasuwa. Wannan cutar maƙwabci ce. Kowace kwalbar magani tana ɗauke da yawan kwanakin da za a jira kafin girbi; a karanta, a bi. Jiƙon dakakkun 'ya'yan dogonyaro ma yana rage ɓarnar tsutsa.

Iyayenmu mata, ga taku. Kabeji, na Turai ko namu, ba ya son daɗewa a wuta. Idan ya wuce kima sai ya yi wari, sinadarin bitamin C da yake cikinsa ya tsiyaye cikin ruwa. A wanke shi sarai da ruwa mai tsabta, a yanka, a sa shi a ƙarshen girki na minti 5 kawai. Ko kuwa a yi kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa.

Gwajin baƙon iri aikin masana ne. Tun 2020 muna da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru. Muna roƙonsu su gwada a filinsu, su faɗa mana abin da suka gani. Kafin nan, mai sha'awa ya gwada a kunya ɗaya, sauran filin kuwa ya shuka abin da zai shiga tukunya.