Gwajin jini kafin ƙarin ruwan Tysabri

A watan Nuwamban 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da maganin natalizumab, wanda ake sayarwa da sunan Tysabri, domin masu cutar MS, wato cutar da garkuwar jiki ke far wa suturar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. A Fabrairun 2005 aka janye shi daga kasuwa, domin wasu masu karɓarsa sun kamu da PML, ciwon ƙwaƙwalwa da kan kashe mutum ko ya bar shi da nakasa.

Mai haddasa ciwon ita ce ƙwayar cutar JC, wadda aka gano a 1971. Kimanin rabin manyan mutane na ɗauke da ita, tana kwance a ƙoda ba ta damun kowa. Aikin maganin shi ne hana fararen ƙwayoyin jini kutsawa ƙwaƙwalwa, alhali su ne masu gadin da ke danne wannan ƙwaya.

An dawo da maganin a 2006 bisa tsauraran sharuɗɗa, a 2012 kuma aka amince da gwajin jinin da ke neman sinadaran garkuwa da jiki ke yi idan ya taɓa haɗuwa da ƙwayar. Wanda ba a samu sinadaran a jininsa ba, haɗarinsa bai wuce kusan ɗaya cikin dubu goma ba. Wanda aka samu, ya kuma haura shekara biyu yana karɓar maganin, sannan ya taɓa shan magungunan da ke danne garkuwa, haɗarinsa ya kai kusan ɗaya cikin ɗari.

A ganina nan ne ake yawan kuskuren fahimta. Gwajin ba ya cewa mutum na da PML, yana auna haɗari ne kawai domin likita da majiyyaci su yanke shawara da ido buɗe. Sakamako mai kwantar da hankali ma ba na har abada ba ne, don mutum kan iya kamuwa da ƙwayar daga baya. Shi ya sa ake maimaita gwajin duk wata shida.

Wannan ya shafi mutanenmu masu zuwa neman magani Masar ko Indiya. Duk wanda aka ɗora bisa Tysabri a can, kafin ya kamo hanyar gida, ya tambayi inda za a riƙa yi masa wannan gwaji da hoton ƙwaƙwalwa, da kuma likitan da zai nema idan magana ta fara sarƙe masa ko gani ya dushe.