Rumfar Haya a Kasuwar Intanet

A watan Janairun 2018 Mark Zuckerberg ya sanar da cewa Facebook zai riƙa fifita saƙonnin dangi da abokai a kan na kafafen yaɗa labarai da kamfanoni. Kafin ƙarshen Fabrairu, LittleThings, wata kafa ta Amurka da ta dogara kacokan ga masu karatun da Facebook ke turo mata, ta rufe, ta kuma ɗora alhakin durƙushewarta a kan wannan sauyi. Marubutanta suna nan, aikinsu bai canza ba. Hanyar da ke kawo musu jama'a ce aka karkatar.

Dalilin a bayyane yake. Kuɗin shigar waɗannan kamfanoni daga talla yake zuwa, talla kuwa sai mutum yana cikin manhajar ake nuna masa ita. Duk mahaɗin da zai fitar da shi zuwa wani wuri asara ce gare su. Saboda haka marubucin da ke son janye mai karatu zuwa inda cikakken rubutunsa yake, bukatarsa da ta mai dandalin sun yi hannun riga tun daga tushe. Ko mabiya dubu hamsin ya tara, ba shi da adireshin ko ɗaya daga cikinsu, kuma lissafin kwamfuta ne ke yanke wanda zai ga rubutunsa.

Hukumomi ma suna iya rufe ƙofar. A watan Yunin 2021 gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter bayan da kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari, ba a kuma ɗage takunkumin ba sai 13 ga Janairun 2022. A Kanada, tun Agustan 2023 Meta ya toshe labarai a Facebook da Instagram don kauce wa dokar da ta wajabta masa biyan kafafen yaɗa labarai. A duka biyun ba a tuntuɓi marubuci ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

Wannan bai wajabta ƙaurace wa dandalin ba, domin mai haja ba ya gudun kasuwa. Abin da ya kamata shi ne a ɗauke shi a matsayin rumfar haya. Marubuci ya ajiye a can abin da ke da amfani a karan kansa, kamar sakin layi guda mai cikakkiyar ma'ana, domin kanun da ke yaudara sau ɗaya yake cin kasuwa. Sannan ya gayyaci wanda ya gamsu ya ba da adireshin imel ko lambar waya bisa yardarsa, ya adana jerin a wurin da shi ke da iko da shi. Ya kuma auna nasararsa da yawan waɗanda suka dawo suka karanta har ƙarshe, maimakon yawan masu latsa alamar so.

Ana iya cewa mai karatun Hausa ya fi sabawa da WhatsApp fiye da imel, kuma ta nan littattafan marubutan intanet da dama ke yawo. Haka ne. Sai dai WhatsApp ma mallakin Meta ne tun 2014, kuma ranar 4 ga Oktoban 2021 shi da Facebook da Instagram suka ɗauke lokaci guda na kusan sa'o'i shida. Wanda ya rarraba masu karatunsa a kan waɗannan ukun, a hannun mai gida ɗaya yake haya. Amma marubucin da ke riƙe da jerin lambobi ɗari biyar a littafinsa yana iya isa ga mutanensa ta saƙon tes, ko da an wayi gari manhajar ta ƙi buɗewa.