Gidan Haya a Bakin Kogi: Fenti Ba Ya Tare Ruwa

Duk wanda ya daɗe bai ga birnin Yamai ba, in ya biyo bakin kogin Isa yau, lalle zai yi mamaki. Gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, ta yi shekara arba'in ita kaɗai. A 2011 ta samu ta biyu, a 2021 kuma ta uku, mai sunan Janar Seyni Kountché. Shirin ƙawata birni na Niamey Nyala, da shirye-shiryen taron shugabannin ƙasashen Afirka na watan Yuli 2019, sun kawo sabbin tituna da otal-otal da babban zauren taro mai sunan Mahatma Gandhi. Wannan aiki ne na a yaba, kuma babu ɗan ƙasa nagari da zai ƙi ganin babban birninsa ya yi kyau.

To, amma duk inda titi ya iso, kuɗin ƙasa na biye da shi. Masu tsofaffin gidaje a unguwannin da ke kallon kogi sun farga. Ana yaɓe bango da siminti, a shafa fenti, a sa ƙofar ƙarfe, a raba gida ɗaya gida uku, sa'an nan a miƙa wa dillali. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki daga Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ya iso da iyali da kaya, yana sauri. Dillali ya kai shi da maraice, lokacin da iska mai sanyi ke tasowa daga ruwa, rana na faɗuwa bayan duwatsun ƙetare. Kafin ya gama kallon kogi, ya biya kuɗin watannin gaba, da kuɗin ajiya, da la'adar dillali.

Abin da ba a faɗa masa ba shi ne kogin nan cika biyu yake yi a shekara. Akwai ruwan da ke tasowa daga duwatsun ƙasar Gine, ya ratsa Mali a hankali, ya iso Yamai cikin sanyin Disamba da Janairu. Wannan an san lokacinsa. Akwai kuma jan ruwa na damina, wanda Sirba da Dargol da Gorouol ke zubowa daga wajen Burkina Faso cikin Agusta da Satumba, kuma shi ne mai zuwa babu sallama. Ya yi ɓarna a 2010, ya sake a 2012. A watan Satumba 2020 tsawon ruwa a Yamai ya kai santimita 700, shingen tare ruwa ya karye, Lamorde da Karaje da wasu unguwannin ƙetare suka koma tafki, dubban iyalai suka kwana a makarantu. Gidajen da suka faɗi a lokacin, da yawansu na laka ne.

Nan ne maganar gyara take. Bangon laka da aka yi wa rigar siminti, a ido ba ya da bambanci da na bulo. Amma laka daga ƙasa take shan ruwa, simintin kuwa ya hana ta bushewa, sai ta riƙa ruɓewa a ɓoye har ranar da za ta zube. Ko gidan bulo ne, in an gina shi a kwari, damshi na hawan bango, fenti ya kumbura, farin gishiri ya fito kamar kanwa. Ramin salga ya cika tun daga ƙasa, sauro ya samu mazauni, zazzaɓi ya shiga yara. Gyaran gaskiya daga tushe yake farawa: a ɗaga daɓe, a buɗe magudana, a sake abin da ya ruɓe. Abin da bai kai haka ba kwalliya ce, kuma bai kamata a karɓi kuɗin gyara a kan kwalliya ba.

Saboda haka mai neman haya ya yi wa kansa gata. Ya ga gidan da rana tsaka, ya dubi gindin bango, ya ƙwanƙwasa ya ji. Ya tambayi maƙwabta inda ruwa ya tsaya a 2020. Mai lambun da ke bakin gaɓa ya fi dillali sanin amsar, kuma ba ya da riba cikin ƙarya. Kada ya biya ko dala sai an rubuta yarjejeniya, an faɗi kuɗin wata, da wanda gyara ke wuyansa, da ranar mayar da kuɗin ajiya. Ya karɓi takardar shaidar kowane biya, ya tabbata wanda ya fita bai bar bashin ruwa da wuta ba. Tun 1996 aka yi dokar hayar gidaje a Nijar, amma wanda bai riƙe takarda ba, da me zai tsaya gaban alƙali? Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba.

Masu gidaje kuma suna da tasu hujja, kuma ya kamata a saurare ta. Siminti da ƙarfe da ladan magina duk kuɗi ne, wanda ya kashe dukiyarsa yana da hakkin ya ci riba. Babu mai musun wannan. Sai dai riba daban, ɓoye aibi daban. Addini ya hana mai sayarwa ya rufe aibin hajarsa, kuma mai ba da haya bai fita daga wannan hukunci ba. Wanda ya san ruwa ya taɓa shiga ɗakin nan har gwiwa, ya yi shiru, ya sa magidanci da jarirai a ciki, amana ya ci.

Akwai kuma wanda ba a cika tunawa da shi ba: wanda ke cikin gidan kafin a gyara. Tarihi ya riga ya nuna yadda abin ke tafiya. Otal Gaweye, da aka buɗe a farkon shekarun 1980, sunan tsohuwar unguwar da ke wurin ya ɗauka. Mutanenta kuwa aka mai da su ƙetaren kogi. Yau ba sai an zo da motar rusau ba, ƙarin kuɗin haya kaɗai ya isa ya tashi masunci da mai wanki da majemin Gamkalle da mai lambun Yantala. In suka tashi, ina suka nufa? Ko bayan gari, nesa da sana'arsu, ko kwarin da ya fi araha domin ruwa na cinye shi. Ta haka gyaran wani gida ke tura wani iyali bakin ambaliya.

Aikin hukumomin birni a nan a fili yake. A bayyana wa jama'a wuraren da ruwa ke kaiwa, a kafa alama ko a gindin bango. Kada a bar gidan da aka ce an gyara ya shiga haya sai ma'aikacin gine-gine ya duba shi. A kula da shingayen kogi tun rani. In za a raba filaye a tudu, a tuna da masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda kogin ya ciyar da kakanninsu.

Birni mai kyau shi ne wanda ɗan haya zai ji hadari ya taso cikin dare, ya gode wa Allah, ya koma barcinsa.