Kambin Gimbiya da Bakin Marubuci

Idan aka yi bikin aure ko naɗin sarauta a Ingila, mujallu da gidajen talabijin sukan cika mana kunne da labarin kayan adon gidan sarautar ƙasar, kuma kalma ɗaya suke maimaitawa: gado. Su ce wannan sarƙa gadon kaka ce, wancan kambi gadon kakan kaka ne, har mai karatu ya ɗauka cewa zumunci da ƙauna ne suka riƙa miƙa waɗannan duwatsu daga hannu zuwa hannu. Mu dai ba mu yarda ba. Za mu ɗauki ɗaya daga cikin kayan, wato kambin daimon da ake kira Kambin Vladimir, mu bi sawunsa, domin a ga abin da ake rufewa da wannan kalma mai daɗin ji.

Ga labarin yadda aka saba ba da shi. A shekarar 1874 wata gimbiyar Jamus, Maria Pavlovna, ta auri Yarima Vladimir, ɗan Sarkin Rasha Alexander na Biyu. Bolin, maƙerin fadar Rasha, ya ƙera mata kambi mai zobba goma sha biyar na daimon, sarƙafe da juna, kowane da lu'ulu'un teku yana reto a tsakiyarsa. Da juyin juya hali ya ɓarke a 1917, gimbiya tana garin Kislovodsk a kudancin ƙasar, kayan adonta kuwa suna ɓoye a fadarta ta bakin Kogin Neva. Wani Baturen Ingila abokinta, Albert Stopford, ya shiga fadar a asirce ya kwashe su ya kai Landan. Ita kanta ta bar Rasha a farkon 1920, ta rasu a Faransa cikin watan Satumba na wannan shekara. A nan masu ba da labari sukan tsaya su share hawaye, su yaba jaruntar Baturen da ya ceci kambi.

To, amma wane ne Yarima Vladimir? Wannan tambaya ce ba a son a yi. Shekara goma sha uku kacal kafin wannan aure, wato a 1861, aka 'yanta manoman Rasha sama da miliyan ashirin daga ƙangin bauta wa masu gonaki, aka kuma ɗora musu biyan kuɗin fansar ƙasar noma na shekara arba'in da tara. Ke nan ranar da ake jera daimon a kan amarya, talakan ƙauye yana tsakiyar biyan bashin gonar da kakanninsa suka nome. A 1891 zuwa 1892 yunwa ta kashe ɗaruruwan dubban waɗannan manoma. A watan Janairun 1905 kuma ma'aikatan St. Petersburg suka fito da matansu da 'ya'yansu, wani limamin coci mai suna Gapon yana gaba, za su kai kuka wurin sarki. Sojoji suka buɗe musu wuta, aka kashe fiye da mutum ɗari ko da a lissafin hukuma. Babban kwamandan rundunar yankin birnin a wannan rana shi ne mijin mai kambi. Har mai zanen nan Valentin Serov sai da ya fice daga Cibiyar Fasaha ta ƙasar saboda ɓacin rai, domin Yarima Vladimir ne shugabanta. Duk wannan ba ya cikin labarin da ake karanta mana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai mu zo ga yadda kambin ya shiga gidan sarautar Ingila. Ba gado aka ci ba, ciniki aka yi. 'Yar marigayiya, Gimbiya Elena, matar Yarima Nicholas na Girka, ita ta gaji kambin, ta sayar wa Sarauniya Mary a 1921, haɗe da wata sarƙar wuya, a kan fam 28,000. Wadda tasu ta ƙare ta sayar wa wadda tasu ke ci, faɗuwar wani tashin wani. Abin da ya fi ɗaci shi ne wannan: mijin Sarauniya Mary, Sarki George na Biyar, da Sarkin Rasha Nicholas na Biyu, 'ya'yan ya da ƙanwa ne. A 1917 gwamnatin Ingila ta yi wa Nicholas tayin mafaka, George ya matsa aka janye tayin don tsoron fushin talakawansa. A Yulin 1918 aka harbe Nicholas da matarsa da 'ya'yansu biyar a Yekaterinburg. Fadar da ba ta sami ɗakin da za ta sauki ɗan uwa ba, ta sami akwatin da za ta adana duwatsun danginsa. In wannan shi ne zumuncin da ake yi mana waƙa a kai, to Allah ya raba mu da irinsa.

Ko korayen duwatsun zumurrudu goma sha biyar da Sarauniya Mary ta sa kamfanin Garrard ya gyara kambin domin a riƙa rataya su a madadin lu'ulu'un, ba su tsira daga wannan ba. Kakarta ce ta ci su a caca a birnin Frankfurt. Da suka faɗa hannun ƙaninta Yarima Francis, sai ya bar wasiyya a bai wa farkarsa, ya rasu a 1910, dole Mary ta zuba kuɗi ta fanso su. Sai a 1953, da Mary ta rasu ta bar wa jikarta Sarauniya Elizabeth ta Biyu, kambin ya bi hanyar da ta cancanci sunan gado a wannan gida. Mu ma labarin ya ɗan shafe mu, domin Gimbiya Alexandra da ta wakilci Sarauniya a bikin samun 'yancin Nijeriya a 1960 jikar Elena ce, wadda ta sayar da kambin.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce ai saye aka yi, ba ƙwace ba, kuma da an bar kambin a Rasha da 'yan gurguzu sun ɓalle shi sun sayar, kamar yadda wasu kayan fadar Rasha da suka sayar suka ƙare a gwanjo a Landan a 1927. Za a kuma ce kyakkyawan aiki kyakkyawa ne, ko wa ya ɗaura shi. Mun amince da duka biyun. Ba mu da faɗa da gwanintar maƙeri, ba mu kuma ce wani ya yi sata ba. Faɗanmu da mai riƙe da alƙalami ne, wanda ya zaɓi ya mayar da dutse gwarzon labari, ya san adadin zobbansa da ranar da aka gyara shi, amma bai ga dalilin ambaton ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka faɗi a kan ƙanƙara a 1905 ba. Wannan zaɓi ne, kuma duk zaɓin marubuci yana nuna gindin da yake tsaye. Maroƙi ma da yake kirari a ƙofar fada ya san cewa roƙo yake yi, jama'a ma sun sani. Wanda ya yi roƙo ya kira shi tarihi, shi ne ya ci amanar mai karatu.

Dalilin da ya sa muka kawo wannan magana cikin mujallar masu koyon rubutu ke nan. Mun gaji adabi mai cike da sarakuna da 'ya'yan sarakuna, da alkyabba da takobi da algaita, kuma ba mu ce a yar da shi ba. Abin da muke kira gare shi shi ne, duk lokacin da ɗalibi zai rubuta labarin wani abin fada, na nan gida ko na ƙetare, ya tambayi kansa abu uku: wa ya biya kuɗinsa, ta wace hanya ya sauya hannu, kuma wa aka cire daga labarin domin ya yi daɗi. In ya amsa waɗannan da gaskiya, ya yabi ƙyallin daimon yadda ya ga dama, ba mu da ta cewa.